Yadda Za Ka Fahimci Kalmar Om a Yogar Mabiya Hindu

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya sha ganin wata alama mai kama da lamba 3, da wutsiya a gefenta, da jinjirin wata da ɗigo a samanta, an zana ta a ƙofar gida, ko a goshin babbar mota, ko a saman katin ɗaurin aure. Alamar ita ce ॐ, ana kuma karanta ta Om. Ɗalibanmu da ke karatu a Indiya, da waɗanda ke raka marasa lafiya asibitocin Delhi da Chennai, suna jin ta da asuba daga lasifikar wuraren bauta. Yanzu kuma ta biyo yoga zuwa ɗakunan motsa jiki na manyan biranen duniya, inda ake buɗe darasi da ita, a rufe da ita, galibi ba tare da an gaya wa kowa abin da take nufi ba. Wanda ke son sanin abin daga tushensa yana bukatar ya san inda ake nemo ma'anar, da yadda masu ita ke furta ta, da yadda zai rarrabe abin da littattafansu suka faɗa da abin da aka ƙara daga baya.

Ka fara da sanin matsayinta a wajen masu ita

Om gaɓa ɗaya ce ta harshen Sanskirit, harshen da aka rubuta tsofaffin littattafan addinin Hindu da shi. Malamansu kan kira ta pranava ko omkara, kuma duk inda ka ci karo da waɗannan sunaye biyu a rubutun yoga, to, ita ake nufi. Asalin aikinta yana cikin hidimar yanka da ƙone hadaya ta zamanin Veda, wato littattafansu mafi tsufa, inda masu jagorantar bauta ke fara rera baitoci da ita, kuma su amsa wa juna da ita. Littafin Chandogya Upanishad, wanda masana ke sanyawa cikin mafi tsufa a irinsa, ƙarni da dama kafin haihuwar Annabi Isa, da maganarta ya buɗe, ya kuma ambaci cewa gaɓa ce ta amincewa, wato idan mutum ya yarda da abu sai ya ce Om. Littafin dokoki na Manu ya umarci ɗalibi ya furta ta a farkon darasin Veda da ƙarshensa, domin a ganinsu karatun da ba a ɗaure shi da ita ba zubewa yake yi.

Kafin ka ci gaba, akwai sunaye uku masu kama da juna da ya kamata ka raba, domin rikita su ne ke ɓatar da yawancin masu fara karatu. Brahman shi ne haƙiƙar da littattafan Upanishad ke cewa komai a kanta ya dogara, ba ta da siffa, ba ta da iyaka. Brahma kuwa ɗaya ne daga cikin abubuwan bautarsu, wanda ake danganta wa halitta, ana zana shi da fuskoki huɗu. Brahmin kuma mutum ne, ɗan ajin malamai da limaman bauta a tsarinsu na raba jama'a aji-aji bisa gado. Idan littafi ya ce Om ita ce Brahman, na farkon yake nufi.

Ka karanta Mandukya kafin komai

Shawarata ga mai nazari ita ce ya fara da Mandukya Upanishad, domin gajere ne ƙwarai, sassa 12 ne kacal, kuma daga farkonsa har ƙarshensa a kan Om yake magana. Ya buɗe da da'awar cewa wannan gaɓa ita ce duk abin da ke akwai, abin da ya wuce da wanda ake ciki da wanda zai zo, har da abin da ya fi ƙarfin lokutan uku. Daga nan ya ce ainihin kan mutum, wanda suke kira atman, shi ne Brahman, kuma yana da ɓangarori huɗu.

Hanyar gane rabon ita ce ta nahawun Sanskirit, inda wasalin a idan ya haɗu da wasalin u suke narkewa su koma o. Saboda haka Om a wajensu sautuka uku ce, a da u da m, shi ya sa za ka ga wasu na rubuta ta AUM. Mandukya ya ɗauki kowane sauti ya ɗora shi a kan wani hali da kowane ɗan Adam ke shiga a kowace rana. Sautin a shi ne halin farke, lokacin da hankali ke fuskantar waje, ido na gani, kunne na ji, ana mu'amala da abubuwan da ake iya taɓawa. Sautin u shi ne halin mafarki, lokacin da ƙofofin jiki suka rufe amma hankali na ci gaba da gani, yana gina garuruwa da mutane daga abin da ya tara a cikinsa. Sautin m kuma shi ne barci mai nauyi wanda ba mafarki a cikinsa, ba sha'awar komai, inda duk rarrabuwar abubuwa ta dunƙule wuri ɗaya.

Na huɗun shi ne inda maganar ta nufa tun farko, kuma shi ne ba shi da sauti. Littafin ya kira shi na huɗu kawai, malaman da suka zo daga baya suka fi kiransa turiya. An siffanta shi ta hanyar kore siffofi: ba ya fuskantar ciki, ba ya fuskantar waje, ba a ganinsa, ba a kama shi, ba a iya faɗarsa da baki. Hujjar da masu sharhi ke kawowa tana da sauƙin bi. Mutum ya farka ya ce ya yi barci mai daɗi bai san komai ba, to, wane ne ya shaida wannan rashin sanin har yake ba da labarinsa? A ganinsu akwai wani mai shaida da ba ya canzawa, wanda halaye ukun ke wucewa ta gabansa, kuma shirun da ke biyo bayan rufe baki a ƙarshen Om shi ke nuna shi. Gaudapada ya rubuta baitocin sharhi a kan wannan littafi, sannan Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya gina a kansu wajen kafa mazhabar Advaita, mai cewa babu biyu, wato a ƙarshe ainihin mutum da Brahman abu ɗaya ne. Mai karatu Musulmi ko Kirista zai lura da kansa cewa a nan hanyoyi suka rabu, tunda addinan biyu sun tsaya a kan bambanci tsakanin Mahalicci da abin halitta, kuma babu amfanin a ɓoye wannan da sunan zumunci.

Bayan Mandukya, sauran wuraren ba za su yi maka wuya ba. A Katha Upanishad, yaro Nachiketa ya tambayi Yama, wanda suke ɗauka a matsayin ubangidan mutuwa, sai ya amsa masa cewa kalmar da duk Veda ke shelantawa, wadda dominta masu gudun duniya ke wahalar da kansu, ita ce Om. Mundaka Upanishad ya kawo misalin maharbi: Om ce baka, atman ne kibiya, Brahman ne abin hari, kuma ana son kibiyar ta nutse a cikin abin da ta soka. A littafin Bhagavad Gita, babi na 8, Krishna, wanda suke bauta wa, ya gaya wa jarumi Arjuna cewa wanda ya bar duniya yana furta wannan gaɓa yana tuna shi zai kai ga matsayi mafi girma.

Abin da Patanjali ya shardanta

Tunda maganar yoga ake yi, dole a tsaya a kan Yoga Sutra na Patanjali, tarin gajerun jimloli kusan 195 da aka raba babi huɗu, wanda shi ne ginshiƙin yoga ta gargajiya. A babi na farko ya ambaci Ishvara, ya siffanta shi da cewa wani ruhi ne na musamman wanda wahalhalu da ayyuka da sakamakonsu ba su taɓa shi ba, kuma shi ne malamin malaman farko. A jimla ta 27 ya ce lafazin da ke nuna Ishvara shi ne pranava. A ta 28 ya ce a riƙa maimaita ta tare da zurfafa tunani a kan ma'anarta. A ta 29 ya faɗi sakamakon, wato hankali ya juya ciki, kuma abubuwan da ke tare hanya su kau. Ya lissafa su guda tara, cikinsu har da ciwo, da shakka, da kasala, da sakaci, da kasa tsayawa a matakin da aka kai.

Jimla ta 28 ita ce mabuɗin dukkan batun. Mutumin da ya tsara yoga bai san wata Om da ake furtawa don daɗin amo kawai ba, domin ya haɗa furuci da ma'ana a jimla ɗaya, ma'anar kuma abin bauta ce. Don haka idan mai koyar da motsa jiki ya ce maka sauti ne kurum na kwantar da hankali, ka sani cewa ya faɗi yadda shi yake amfani da ita, amma ya saɓa wa littafin da yake ginshiƙin yoga ta gargajiya. Malaman Hindu da yawa ma ba sa jin daɗin irin wannan bayani, don suna ganin an raba abin ibadarsu da ruhinsa an mayar da shi kayan talla.

Yadda masu yi suke yi

Lokacin da suka fi so shi ne wanda suke kira brahma muhurta, wanda ke farawa kimanin awa ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana, sai kuma faɗuwar rana. Mai yin kan yi wanka, ya sami wuri mai tsabta, ya fuskanci gabas ko arewa. Gita a babi na 6 ta bayyana mazaunin: kada ya yi tudu da yawa, kada ya yi ƙasa da yawa, a shimfiɗa ciyawar kusha da fatar barewa da ƙyalle, a kuma miƙe gadon baya da wuya da kai su daidaita. A yau tabarma ko bargo ake shimfiɗawa, mutum ya tanƙwashe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a kan gwiwoyi, kan babban yatsa na taɓa kan manuni.

Sai ya ja numfashi ta hanci a hankali har ƙirji ya cika. Yana fara sakinsa sai ya buɗe baki, harshe na kwance, sautin ya taso daga maƙogwaro. Ba ya yanke sautin, sai dai leɓɓa su riƙa tattaruwa suna zagaye, amon ya gangaro gaban baki, har su haɗu su rufe. Daga nan iskar da ta rage ta hanci take fita, irin fitar da ɗalibin tajwidi ya sani da sunan gunna, kuma idan mutum ya ɗora tafin hannu a ƙirji sannan a tsakiyar kai zai ji rawar sautin ta tashi daga ƙasa ta koma sama. Malaman suna nuna wannan tafiya a matsayin hujja: sun ce sautin ya faro daga can ƙarshen baki ya ƙare a leɓe, ke nan ya ratsa duk wuraren da harafi ke iya fitowa, shi ya sa suke ɗaukarsa uwar dukkan magana. A kunne dai o mai tsawo ake ji sannan m, ba a rarraba shi gida uku kamar mai koyon baƙi. A rubutun Veda akan sa lamba 3 ta Sanskirit bayan wasalin don nuna cewa a ja shi tsawon ma'auni uku, kuma ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a Bombay a 1875, da wannan siffa take rubuta shi a tutarta.

Idan sautin ya ƙare ba a gaggauta jan wani numfashin. Ana ɗan dakatawa a cikin shirun, kuma ƙwararru a cikinsu kan ce wannan dakatawar ce aikin, sauran duk share fage ne. A buɗe taro ko darasi sau uku ake furtawa.

Maimaitawa mai yawa kuwa, wadda suke kira japa, hawa uku gare ta. Akwai ta bayyane da murya, akwai ta raɗa inda leɓɓa ke motsi amma na kusa ba ya ji, akwai kuma ta zuci wadda ko leɓe ba ya motsawa, ita ce suke ɗauka mafi daraja kuma mafi wuya. Ana umartar sabon shiga ya daɗe a ta farko, saboda murya na riƙe hankali, wanda ya yi tsalle zuwa ta zuci tun da wuri kuwa yakan tsinci kansa yana lissafin bashi ko yana gyangyaɗi. Ana ƙirgawa da carbi mai 'ya'ya 108 da ake kira mala, da wani babban ɗa guda da ake kira meru wanda ba ya cikin lissafi. A hannun dama ake riƙe shi, a rataya a kan yatsan tsakiya, babban yatsa na jawo 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, manuni kuwa a ɗage yake ba ya taɓawa. Idan an iso meru ba a tsallake shi, sai a juya carbin a koma ta inda aka fito. Daga irin carbin ma kana iya gane mai shi: masu bautar Shiva sun fi riƙe na ƙwallon rudraksha mai kaushi, masu bautar Vishnu kuma na itacen tulsi. Wasu kan sa hannun da carbin cikin 'yar jakar ƙyalle don kada a ga abin da suke yi.

Yawancin mabiya Hindu na yau da kullum ba su cika maimaita Om ita kaɗai ba. Sukan sa ta a gaban wata addu'a, kamar yadda take a farkon kirarin Shiva da na Vishnu, da farkon baitin Gayatri da ake koya wa yaro ranar da aka rataya masa zaren tsarki. Maimaita ta ita kaɗai an fi saninsa da waɗanda suka bar gida da dukiya suka shiga gudun duniya. A dokokin da, karatun Veda an keɓe shi ne ga mazan azuzuwa uku na sama, amma ƙungiyoyin gyara na ƙarni na 19 da yaɗuwar yoga bayan jawabin Swami Vivekananda a Chicago a 1893 sun buɗe ƙofar ga kowa.

Ka san cewa fassarar ba ɗaya ba ce

Addinin Hindu ba shi da hukuma guda da ke yanke magana, don haka kada ka yi mamaki idan mutum biyu suka ba ka bayani biyu. Wani zai ce sautukan uku su ne Brahma mai halitta da Vishnu mai kiyayewa da Shiva mai rushewa. Wani zai ce Veda uku ne, Rig da Yajur da Sama, ko kuma ƙasa da sarari da sama. Mabiya Vishnu na kudancin Indiya, waɗanda ba su yarda da Shankara a kan cewa mutum da abin bautarsa ɗaya ne ba, suna karanta a a matsayin Vishnu, m kuma a matsayin ran bawa da ke ƙarƙashinsa. Gaɓar ta kuma tsallaka zuwa maƙwabtan addinai, tana farkon sanannen wuridin 'yan Buddha na Tibet, mabiya Jain na amfani da ita, kuma littafin Sikh da Ik Onkar ya buɗe, ko da yake kowannensu da tasa ma'anar. Idan kana tattaunawa da mai addinin, tambayar da ta fi amfani ita ce wace mazhaba yake bi da kuma wane ne malaminsa.

Ka tace abin da ke yawo a intanet

Akwai da'awoyi da suka cika shafukan sada zumunta waɗanda ba su da tushe a littattafan. Ana cewa hukumar NASA ta naɗi rana tana furta Om, alhali sauti ba ya tafiya a sararin da ba iska, abin da ake sakawa bayanan na'ura ne da aka juya suka zama amo. Ana cewa Om da Amin kalma ɗaya ce, alhali Amin daga tushen harsunan Larabci da Ibrananci ta fito, ba ta da dangantaka da Sanskirit sai kamar sauti. Ana sanya wa Om wani adadi na musamman na kaɗawar sauti, alhali kowa da kaurin muryarsa yake furta ta. Har bayanin da ake yi cewa kowane lanƙwasa na alamar yana wakiltar farke ko mafarki ko barci, bayani ne na baya-bayan nan, domin Mandukya a kan sauti ya yi magana, kuma alamar tana canza siffa daga rubutun Devanagari zuwa na Tamil ko na Bengali. Natsuwar da mutum ke ji kuwa ba abin musu ba ce, tunda duk wanda ya tsawaita sakin numfashi a hankali jikinsa kan lafa, ko da wane sauti ya yi shi, ko ma ba sauti.

Idan ka tsinci kanka a ajin yoga

A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi, aka fara bikin a 2015. A Indiya kanta ƙungiyoyin Musulmi sun nuna rashin amincewa da sanya Om da gaisuwar rana, wato jerin motsin yoga na girmama rana, cikin shirin, har gwamnati ta bayyana cewa furta ta ba dole ba ne. Kafin nan, majalisar fatawa ta Maleshiya a 2008 da majalisar malaman Indunusiya a 2009 sun hana Musulmi yogar da ke ɗauke da rera kalmomin bauta, kuma ta Indunusiya ta bar ƙofa a buɗe ga wadda motsa jiki ce zalla. Wanda likita ya ba shi shawarar yoga saboda ciwon baya ko hawan jini yana iya zuwa wajen mai koyarwa kafin a fara, ya tambaye shi ko ana rera wani abu a buɗewa da rufewa, da kuma ma'anar abin da ake rerawa. Idan ba ya son shiga, ya isa ya zauna shiru yana numfashinsa har a gama, ko ya nemi ajin da ba a yi, kuma masu koyarwa na ƙwarai sun saba da wannan buƙata. Hukuncin addininsa kuma wajen malaminsa zai nema, ya je masa da bayanin abin da ake yi a ajin dalla-dalla.

Wanda kuma zama ya kai shi Indiya, ya kula da yadda yake mu'amala da alamar ko da bai yi imani da ita ba. Ba a taka ta, ba a sa ta a takalmi ko a abin shimfiɗar ƙafa, ba a kuma ɗaure kaya da takardar da ke ɗauke da ita a jefar a bola, domin maƙwabcinsa na iya ɗaukar hakan cin mutunci, kuma dokar ƙasar ta tanadi hukunci ga wanda ya ci zarafin addinin wasu da gangan.